Darasi na 7: Tsayuwa da Takun Ƙafa a Bugun Bayan Hannu da Hannu Biyu

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so mai koyo ya iya:

1. bayyana dalilin da ya sa bugun hannu biyu ya dogara sosai da ƙafa;
2. nuna tsayuwar shiri da tsallen shiri;
3. bambance tsayuwa iri 3 da lokacin da kowace ta dace;
4. komawa wurin tsaro bayan ya buga ƙwallo.

Gabatarwa

A wasan tanis, ƙwallo kan zo wa ɗan wasa ta ɗayan ɓangarori biyu. In ta zo ta wajen hannun da ke riƙe da raket, sai ya mayar da ita da bugun gaban hannu. In kuwa ta ɗaya ɓangaren ta zo, wato hagu ga mai wasa da dama, sai bugun bayan hannu, wanda 'yan wasa ke kira bakhan. Wasu da hannu ɗaya suke yin sa, wasu da hannu biyu.

A da, hannu ɗaya aka sani. Vivian McGrath ɗan Ostareliya, wanda ya ci babbar gasar ƙasarsu a 1937, yana cikin na farkon da suka yi suna da hannu biyu, kuma a lokacin kallon baƙon abu ake yi wa salon nasa. A 1974 ne lamarin ya sauya. A shekarar, Jimmy Connors na Amurka ya ci 3 daga cikin manyan gasanni 4 na duniya, Bjorn Borg na Suwidin ya ci ta Faransa, Chris Evert kuma ta ci ta Faransa da ta Wimbledon a ɓangaren mata. Dukansu da hannu biyu suke bugawa. Daga nan masu horarwa suka koma koya wa yara wannan salo, har ta kai a watan Fabrairun 2024 aka wayi gari babu mai bugun hannu ɗaya ko guda cikin maza 10 da ke kan gaba a duniya, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka fara jera sunayensu a 1973.

Hannu na biyu yana ƙara wa raket ƙarfi, yana hana ta karkacewa in ƙwallo ta zo da gudu, yana kuma sauƙaƙa bugun ƙwallon da ta tashi har kafaɗa. Sai dai yana rage nisan da raket ke kaiwa. Ku gwada da kanku: ku tsaya bango yana hagunku, ku miƙa raket da hannun dama har bakinta ya taɓa bangon, sannan ku ɗora hannun hagu a ƙota ba tare da kun gusa ba. Za ku ga raket ɗin ta janye daga bangon. Wannan giɓin ƙafa ce ke cike shi, a fili mai faɗin mita 8.23 da mutum ɗaya ke tsarewa a wasan ɗaiɗai. Shi ya sa yawancin bugun hannu biyu da ke lalacewa, tun daga ƙafa yake lalacewa, kafin raket ta taɓa ƙwallo.

Duk bayanin da ke tafe na mai wasa da hannun dama ne. Bahago sai ya juya: inda aka ce hagu ya ɗauka dama, inda aka ce dama ya ɗauka hagu.

Riƙo a taƙaice

Hannun dama ne ke ƙasan ƙota, na hagu a samansa, suna taɓa juna. Tafin hagu yana bayan ƙota, yana kallon inda za a aika ƙwallo. Shi ne ke turawa, na dama kuwa daidaita fuskar raket yake yi. Rafael Nadal na Sifaniya misali ne mai kyau: da dama yake rubutu amma da hagu yake wasa, don haka a bakhan hannunsa mai ƙarfi ne ke sama yana turawa. Tunda hannun baya ne ke turawa, dole ƙugu da ƙirji su juyo tare da shi, kuma ƙugu ba ya juyawa sai ƙafa ta ba shi hanya. A riƙe wannan, domin sauran darasin a kansa yake.

Tsayuwar shiri

Ku tsaya kamar taku ɗaya a bayan layin ƙarshe, kuna fuskantar raga. Ku buɗe ƙafafu su ɗan wuce faɗin kafaɗa. Gwiwoyi a lanƙwashe, nauyi a gaban tafin ƙafa, diddige bai danne ƙasa ba. A ɗan sunkuya daga ƙugu, amma gadon baya ya miƙe, kai a ɗage. Raket tana gaban cibiya, hannu biyu na riƙe da ita tun yanzu. Wanda ya jira sai ƙwallo ta ƙetaro raga sannan ya fara laluben ƙota da hannun hagu ya riga ya makara.

Tsallen shiri

Da zarar abokin karawa ya fara kawo raket ɗinsa gaba, sai ku yi ɗan tsalle da ƙafa biyu, wanda da ƙyar zai raba takalmi da ƙasa. Abin da ake so shi ne yana taɓa ƙwallo kuna sama, kuna sauka kun riga kun ga inda ta nufa. Ku sauka a kan gaban ƙafa, ƙafafu a buɗe, gwiwoyi na lanƙwashewa. Amfaninsa biyu ne. Na farko, tsokar cinya da ta ƙwauri da ta ɗan miƙu wajen sauka ta fi saurin tunkuɗa jiki a kan wadda ke tsaye a sake. Na biyu, yana katse gudun da kuke yi daga bugun baya, ya raba nauyi daidai, ta yadda za ku iya tafiya dama ko hagu. Ana yin sa kafin kowace ƙwallo, ba ta farko kaɗai ba. Ku kalli kowane ƙwararre a talabijin, ku bar kallon ƙwallo ku zuba wa ƙafarsa ido, za ku ga ba ya tsallake shi.

Juyawa da takun farko

Kuna sauka, kun ga ƙwallo ta nufo hagu, abu biyu za su faru tare. Yatsun ƙafar hagu za su juya su kalli layin gefe na hagu, kafaɗu kuma su juya har kafaɗar dama ta nuna ƙwallon da ke tafe, haɓa tana kusa da ita. Juyawar jiki ce ke kai raket baya, ba fizgar hannu ba. A gama wannan juyi kafin ƙwallo ta faɗi a ɓangarenku, domin tun ran gini ran zane.

Sannan tafiya. Ƙa'idar ita ce manyan taku a farko, ƙanana a ƙarshe. Manyan suna cinye nisa, ƙananan suna gyara tazara tsakanin jiki da ƙwallo. Kada ku nufi ƙwallon kai tsaye, domin za ta shige muku jiki, gwiwar hannu ta maƙale a haƙarƙari. Ku nufi gefen hanyar da take bi, ku bar tazarar da hannuwa za su sake ba tare da kun yi miƙa ba. Wurin haɗuwa da ƙwallo shi ne ɗan gaba kaɗan da ƙugun da ke kusa da raga, daidai tsayin ɗamara in da hali. Wannan wuri ya fi kusa da jiki a kan na mai hannu ɗaya, wanda ke tarar ƙwallo can gaba.

Tsayuwa iri uku

1. Tsayuwar gefe. Ita ce tushe, kuma da ita ya kamata mai koyo ya fara. Ƙafar hagu ce ke fara kafuwa, ta ɗauki nauyin jiki, gwiwa a lanƙwashe. Sai ƙafar dama ta taka gaba wajen raga, diddige ya fara sauka. In aka ja layi daga ƙafar baya zuwa ta gaba, zai tafi daidai da layin gefen fili. Yatsun ƙafar dama kada su kalli gefe sak, a ɗan karkata su tsakanin raga da layin gefe, domin wannan ɗan karkatawar ce ke buɗe wa ƙugu ƙofa. Daga nan nauyi ya taso daga ƙafar baya zuwa ta gaba, ƙugu ya juyo, ƙirji ya biyo, hannuwa su zo a ƙarshe. Wanda ya taɓa kallon dambe ya san wannan tsari: ɗan dambe a kaikaice yake tsayawa, hannun da ya naɗe yana baya, kuma ƙarfin naushinsa daga ƙafar baya da juyin ƙugu yake tasowa. Hannunku na hagu shi ne naɗaɗɗen hannun. In bugu ya yi kyau, za a ƙare cibiya na kallon raga, raket a kan kafaɗar dama, diddigen hagu a ɗage. Ana amfani da wannan tsayuwa in akwai lokaci, ko ƙwallo ta faɗi kusa da raga ana son shiga cikin fili a kai hari.

2. Rufaffiyar tsayuwa. A nan ƙafar dama ce ke ƙetarawa ta gaban hagu zuwa wajen layin gefe, har abokin karawa ya ga wani sashe na bayanku. Masu hannu ɗaya irin su Roger Federer da Stan Wawrinka suna jin daɗinta, saboda ƙirjinsu a gefe yake zama lokacin bugu. Ga mai hannu biyu kuwa tana da illa. Ƙafar da ta ƙetare tana kulle ƙugu, hannun hagu ya rasa hanyar wucewa, bugu ya koma na hannu zalla, ƙwallo ta tafi ba ƙarfi. In aka tilasta juyawa a haka, ƙasan baya da gwiwar dama ne ke shan wahala. Duk da haka ba a guje mata gaba ɗaya, domin wanda ya taho da gudu sau da yawa a haka takunsa ke ƙarewa. Maganinta shi ne kada a kafe ƙafar hagu a baya. Ana taɓa ƙwallo, a bar ƙafar ta zagayo ta sauka a waje, wajen layin gefe. Wannan zagayowa tana sakin ƙugu, tana kuma zama birki da wurin tunkuɗawa a koma tsakiya.

3. Buɗaɗɗiyar tsayuwa. Ƙafafu biyu suna jere kusan daidai da layin ƙarshe, babu takun gaba. Ƙafar hagu ce ke zuwa bayan hanyar ƙwallo ta ɗauki kusan dukan nauyi, gwiwa a lanƙwashe sosai. Ƙugu bai juya da yawa ba, amma kafaɗu sun juya cikakke, kuma wannan murɗewa tsakanin ƙugu da kafaɗa ita ce ma'ajiyar ƙarfin. Sai a tunkuɗa ƙasa da ƙafar hagu, jiki ya warware. Venus da Serena Williams sun shahara da wannan tsayuwa tun suna ƙanana, a lokacin da yawancin masu horarwa ke ganin bakhan sai da takun gaba. Novak Djokovic na Sabiya, mai manyan kofuna 24, ya kai ta wani matsayi: yakan zame a kan ƙafar hagu ko a fili mai tauri, ya buga, ya dawo. Fa'idarta tana rage taku ɗaya wajen zuwa da taku ɗaya wajen dawowa. Ta dace da mayar da sabis, wato bugun farawa, wanda a hannun manyan maza kan wuce kilomita 200 a awa, da ƙwallon da ta ja ku can gefe, da wadda ta faɗo dab da ƙafa. Haɗarinta ga mai koyo shi ne ya buɗe ƙafa ya manta juya kafaɗa, ya tari ƙwallo da ƙirji a buɗe. Wannan ba buɗaɗɗiyar tsayuwa ba ce, makara ce.

Akwai kuma tsaka-tsaki, inda ƙafar dama ke ɗan gaba da ta hagu ba tare da ta kai tsayuwar gefe ba. A wasa na gaske ita ake yawan gani. Zaɓin dai lokaci ne ke yanke shi: in akwai lokaci a taka gaba, in babu a ɗora nauyi a ƙafar hagu a buga, in gudu ya sa an ƙetare a saki ƙafar baya ta zagayo.

Tsayin ƙwallo

In ƙwallo ta zo ƙasa-ƙasa, gwiwa ce ke sauka, ba kai ba. A ƙara buɗe ƙafafu, gwiwar hagu ta kusanci ƙasa, gadon baya a miƙe. Wanda ya duƙa daga ƙugu ƙafafunsa a sandare, fuskar raket ɗinsa za ta kalli ƙasa, ƙwallo ta shiga raga.

In ta zo da tsalle mai tsayi, hanya biyu ce. Ko a ja baya da sauri, jiki a gefe, a bar ta ta sauko zuwa ɗamara, ko a matso gaba a tare ta tana tasowa kafin ta wuce kafaɗa. Andre Agassi ya yi suna da hanya ta biyu, yana tsayawa dab da layin ƙarshe yana hana abokin karawa numfashi. Mai koyo ya fara da ta farko. Abin da ba a so shi ne tsayawa wuri ɗaya ana jira, har ƙwallo ta iso daidai kunne.

In ta nufo jiki sak, ita ce ta fi ruɗa mai hannu biyu. A yi saurin gusawa dama da ƙananan taku biyu ko uku domin a buɗe mata wuri a hagu.

Komawa wurin tsaro

Bugu bai ƙare ba sai an koma. In an yi nisa, takun farko na ƙetarawa ne: a tunkuɗa da ƙafar hagu, ta wuce ta gaban dama. Daga nan a ci gaba da takun gefe, ƙafa na korar ƙafa ba tare da sun harɗe ba, ƙirji na kallon raga. Duk inda kuka kai, da abokin karawa ya zo bugu ku tsaya ku yi tsallen shiri. Gara a yi shi ba a kai wurin ba, da a kai wurin ana cikin gudu.

Wurin tsaro ba kullum ne tsakiyar layi ba. In kun aika ƙwallo a gicciye zuwa kusurwar da ke can ɗaya gefen, ku tsaya ɗan hagu da alamar tsakiya, wato tafiyarku gajera ce. In kun aika ta miƙe ta bin layin gefe, sai kun wuce alamar tsakiya zuwa dama, domin kun buɗe wa abokin karawa hanyar gicciye ta can. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake son bugun gicciye in mutum yana cikin matsi. Sauran dalilan na awo ne: tsayin raga a tsakiya mita 0.914 ne, a wajen turaku kuwa mita 1.07, sannan tsawon fili mita 23.77 ne, amma daga kusurwa zuwa kusurwa ya ɗan haura mita 25.

Fili da takalmi

A Roland Garros ta birnin Paris, saman filin garin jan bulo ne, ana zamewa a kai ƙwallo, kuma tana tashi sama. A Wimbledon ciyawa ce, ƙwallo na zuwa ƙasa-ƙasa, sai ƙananan taku da lanƙwasa gwiwa. Gasar Ostareliya da ta Amurka a fili mai tauri ake yin su. Irin wannan fili yana riƙe takalmi, don haka mai koyo kada ya kwaikwayi zamiyar Djokovic, idon sawu ne zai gurɗe. A lokacin hunturu a share ƙura kafin a fara, domin tana sa daɓe santsi. A sa takalmin tanis mai shimfiɗaɗɗen ƙasa da ƙarfin gefe. Takalmin gudu an yi shi ne don tafiya gaba, ba ya tare ƙafa in an yi birki a gefe. A ɗumama jiki na minti 10 kafin atisaye, wanda ke fama da ciwon gwiwa ko na baya kuma ya nemi shawarar likita.

Atisaye

1. Babu ƙwallo. Tsayuwar shiri, tsallen shiri, juyi, kafa hagu, taka dama, bugu. A tsaya a ƙarshen bugun a ƙirga 3 ba tare da tangaɗi ba. A maimaita sau 20.
2. Cafe. A ajiye raket. Abokin atisaye ya jefo ƙwallo ta hagu, ku je ku cafe ta da hannu biyu a gefen ƙugu bayan ta faɗi sau ɗaya. In kun yi miƙa kafin ku kama, ƙafa ba ta kai ba.
3. Kira. Abokin atisaye ya ce "gefe" ko "buɗe" yayin da yake jefowa, ku buga da tsayuwar da ya kira. Ƙwallo 10, a huta, a sake har zagaye 3.
4. Zuwa da dawowa. A ajiye alama ɗan hagu da tsakiyar layin ƙarshe. Bayan kowane bugun gicciye a koma wurinta, a yi tsallen shiri kafin a jefo ta gaba.

Kurakuran da aka fi yi

Tsayuwa a kan diddige. Takawa da ƙafar dama kafin hagu ta kafu. Ƙetarawa da nisa a bar ƙafar baya a kafe. Miƙewa tsaye kafin raket ta taɓa ƙwallo. Tsayawa kallon bugun da aka yi maimakon komawa.

Tambayoyi

1. Me ya sa mai bugun hannu biyu ke buƙatar matsawa kusa da ƙwallo fiye da mai hannu ɗaya?
2. A wane lokaci ake yin tsallen shiri, kuma mene ne amfaninsa?
3. Wace illa rufaffiyar tsayuwa ke yi wa ƙugu, kuma yaya ake magance ta?
4. Kawo yanayi 3 da buɗaɗɗiyar tsayuwa ta dace da su.
5. Ina za ku tsaya bayan bugun gicciye, ina kuma bayan bugun da ya bi layin gefe?

Aikin gida

Kafin darasi na gaba, ku yi atisaye na 1 kullum, ko a tsakar gida ne, domin ba ya buƙatar fili ko ƙwallo. In kun samu shiga fili, ku ba wani waya ya ɗauke ku bidiyo daga baya kuna buga bakhan 10, sannan ku zauna ku kalli ƙafafunku kaɗai. Ku rubuta sau nawa kuka yi tsallen shiri, sau nawa ƙafar hagu ta riga dama kafuwa, ku kawo sakamakon aji. Kada ku matsa wa buɗaɗɗiyar tsayuwa sai tsayuwar gefe ta zauna muku a jiki.